Tauren Suna a Tsibiri

Ana gobe suna, gidan Malam Lauwali na Tsaskiya ya cika da mata. Wasu na daka, wasu na tankaɗe, wasu na wanke shinkafar waina. Ikilima kuwa tana ɗakin mahaifiyarta, fitowarta ke nan daga wankan jego. An ajiye mata kunun kanwa ta kasa sha. Jaririn na kwance a gefenta cikin zani, ita kuma hannunta na kan waya.

"Ki ajiye wagga waya ki sha kunu," in ji Inna Kulu, mahaifiyarta. "Mai jego ba ta zama da yunwa."

Rumaisa, ƙanwar Ikilima da ke karatun kiwon lafiya a Katsina, ta karɓi wayar ta duba. "Anti, har yanzu tik ɗaya ne. Ko mesej ɗaya bai shiga ba. Wallahi bai ma san kin haihu ba!"

Ikilima ta kau da kai. Ɗan fari ne, kuma a gaban uwa ba a nuna damuwa da ɗan fari ko da ubansa.

Mijinta Hafizu ɗan mahauta ne daga Batsari. Mahaifinsa Usmanu, wanda ake kira Mani mahauci, 'yan bindiga suka kashe shi a hanyar Ruma yana koro shanun yanka. Bayan rasuwar ne Hafizu ya tafi Legas ya yi aikin nama a wani otal, daga nan aka ɗauke shi a wani babban jirgin ruwa mai yawo da masu shaƙatawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Tun ran farko ya gaya musu banda alade, suka kuma yarda, don hannunsa na da kyau. Da ya zo hutu ya ga Ikilima a bikin wata 'yar'uwarsa a Safana, ya nema aka ba shi. Malam Lauwali ya ba da ita ne ba don yana son aikin ba. Sau da yawa yakan ce mutumin da ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa, sai ruwa, bai san inda za a kama shi ba.

Sun yi ɗan zama kaɗan hutun ya ƙare, ya koma. Bayan tafiyarsa ciki ya bayyana. Da cikin ya tsufa aka kawo ta gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari.

Kiransa na ƙarshe ya gaya musu jirgi zai ƙetare babban teku, mako guda ba tudu ba sabis, sai Asabar da safe za su tsaya a wani tsibiri na yankin Karibiyan. A wannan kiran ya so ya bar sunan da za a raɗa in an sauka, mahaifiyarsa ta toshe kunne ta ce ba a raɗa wa ciki suna, ya rufe bakinsa. Sai ya ce wa ƙanen mahaifinsa, "To Baffa Labaran, in an sauka ina cikin ruwa, a jira ni. Da bakina nake so in faɗa."

Jirgi ya tashi, washegari naƙuda ta zo, tun kafin lokacin da aka yi zato. Suna ya faɗa ranar Asabar ɗin.

Ana cikin aikin waina Gwaggo Baiwa, yayar Malam Lauwali, ta shigo ɗakin. Ta ɗaga jaririn ta juya shi ta duba kunne ta duba ƙafa, ta ajiye.

"Tubarkalla. Ƙato da shi, wai kuma bakwaini!" Ta fara lanƙwasa yatsu tana motsa baki. "Ni dai ba na son magana. Amma yaushe ma ya tafi? Kuma mako guda shiru, ko barka babu? Hmm. Mutanen Batsari ba su iya ƙirga ba ne?"

"Haba Gwaggo!" in ji Rumaisa. "Mutum yana tsakiyar teku, ina zai samu netwok?"

"Ke rufe mini baki da Turancinki. Jirgin da aka ce har masallaci zai shiga cikinsa a rasa, shi ne ba waya?"

Ikilima ta juya fuska bango, hawaye na bin kuncinta. Maganar kuwa ba ta tsaya a ɗakin ba. Kafin magariba ta kai wajen masu daka, daga can ta kai zaure, ta shiga kunnen Malam Lauwali. Ranar bai ci tuwo ba.

Da gari ya waye aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zo, wanzami ya zo da zabirarsa, maƙwabta suka zazzauna. Baffa Labaran ya iso daga Batsari a kan mashin, da rago ɗaure a bayansa da goro da dabino. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya da amfanin gona da mutanen gida. Sannan liman ya matso da kunnensa.

"Wane suna za a raɗa?"

"Allah gafarta Malam, uban yaro ya ce a jira shi. Yau da safe zai kira."

Aka jira. Aka raba goro. Rana ta ɗago ta bar kan rumbuna, inuwar bango ta fara janyewa daga kan tabarmi. Masu zuwa yankan dawa suka fara miƙewa ɗaya ɗaya. A cikin gida waina ta huce. Baffa Labaran ya riƙe wayarsa sama, ya sauke, ya sake ɗagawa.

Malam Lauwali ya gyara zama. "Labaran, kai ne baffansa. Raɗa sunan mu sallami mutane."

"Amana aka ba ni, Malam. Ya ce da bakinsa."

"Mi kake nufi da bakinsa? Tun da nake ban taɓa ganin an tara malamai rago na ɗaure ana jiran suna ba. In akwai abin da ke ranku game da wanga yaro, ku fito fili ku faɗa!"

"Subhanallahi! Wa ya ce haka?"

"Shirunku ya ce!"

Baffa Labaran mutum ne mai taurin kai a kan alkawari. Da ya faɗi suna a wannan lokacin da magana ta mutu. Amma ya ga kamar in ya faɗa ya ci amana, Malam Lauwali kuma ya ga ƙin faɗar ƙin ɗa ne. Kowa ya riƙe nasa.

Ikilima tana jin komai daga ɗaki. Ita ta san dalili, don ta saba da kiran mijinta. Ta tura Rumaisa ta yi bayani, mahaifinsu ya kore ta tun ba ta buɗe baki ba, ya ce nan ba wurin mata ba ne. Sai Ikilima ta yafa mayafi, ta lallaɓa da ƙyar har bakin zaure, ta durƙusa a bayan zana inda ba a ganinta.

"Baba, don Allah a yi mini aikin gafara."

Kowa ya waiwayo wajen zanar.

"Baba, inda yake yanzu dare ne. Ranarsu tana bayan tamu. Safiyarsu ita ce azahar ɗinmu."

"Ji wani zance!" in ji Malam Lauwali. "Rana nawa Allah ya yi? Har ya koya miki ƙarya?"

Liman ya yi gyaran murya. "Malam Lauwali, wannan kam ba ƙarya ba ce. Da na je aikin Hajji, muna fitowa sallar asuba ku nan kuna tsakiyar barci. In gabas ta riga mu, to akwai waɗanda mu ma muka riga."

Malam Lauwali ya dubi zanar da ɗiyarsa ke baya. "To. Don darajar Liman, na ba shi zuwa azahar. In muka sallame bai kira ba, ni zan raɗa wa jikana suna, da ragona. Ke kuma koma ɗaki. Ba ki ji kunya ba?"

Ta ji kunya ƙwarai. Amma ta koma tana godiya.

A can kuwa, gari na wayewa jirgin ya matso bakin tsibirin. Jirgi ne mai benaye bisa benaye, mutanen cikinsa sun fi na wani ƙauyen yawa. Tun daga nesa ana hango duwatsu kore shar da gidaje masu fenti kala-kala, ruwan kuma shuɗi har ana ganin ƙasansa. Aka ɗaure jirgi da manyan igiyoyi, aka sa matakala, fasinjoji suka fara zuba ƙasa da malafuna da baƙin tabarau, sun shafe jiki da mai. Tsofaffi ne da yawansu, masu jikoki, amma kayan jikinsu ko yaron goye ba a bari ya fita da su. A bakin tasha ana kaɗa ganguna na gindin duro, masu tasi na ɗaga kwalaye suna kiran masu zuwa wanka bakin teku, mata na tallar riguna da tsakiya da ruwan kwakwa.

Hafizu bai ga ko ɗaya ba. Yana can ƙasan jirgi a ɗakin sanyi, da rigar ɗari da safar hannu. Doka ce ma'aikaci ba ya sauka sai fasinja ya gama sauka. Ranar kuma aka kawo sabon nama daga tudu, dole mahauci ya tsaya ya duba shi ya jera. Ya roƙi shugaban kicin.

"Oga, matata na da tsohon ciki. Minti kaɗan kawai in kira gida."

"Kowa yana da gida," in ji shugaban. "Gama naman ka tafi. Ka dawo kafin aikin abincin dare. Wanda ya makara ya san sauran."

Yana yanka yana duban agogo. Bai san a daidai lokacin ladan na kiran azahar a Tsaskiya ba.

A Tsaskiya aka sallame azahar. Malam Lauwali ya dubi Baffa Labaran, Baffa Labaran ya dubi wayarsa. Ba komai. Malam Lauwali ya shiga gida ya kwanto ragon da yake turke don layya, ya ja shi waje da kansa. Ya raɗa wa liman suna a kunne. Liman ya yi addu'a ya ce sunan yaro Armaya'u, sunan mahaifin Malam Lauwali ke nan. Aka shafa fatiha, aka yanka.

"Labaran, ɗauki ragonku," in ji Malam Lauwali. "Ɗiyata ba ta komawa Batsari. Gidan da aka yi shakkar ɗanta ba ta sake kwana cikinsa. Ka gaya wa yaronku, duk ranar da ya fito daga ruwa, ya aiko mata da takardarta."

Baffa Labaran ya ba da haƙuri har ya gaji. Da ya ga rana na tafiya, hanyar kuma ba ta bin yamma ba ce, ya ɗaure ragonsa ya hau mashin.

A ɗaki Ikilima ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta san sunan da mijinta ke so. Sunan mahaifinsa da aka kashe yake so ya mayar, ya sha gaya mata. Yanzu ga suna ya tafi, ga aure na shirin bi.

"Anti, ki bar ni in je in gaya wa Baba gaskiya, wannan ba adalci ba ne!" in ji Rumaisa.

"Ba inda za ki. Ubanmu ne. Abin da ya ji ne ya ƙona shi." Ta share ido. "Ki dai sa wayar a caji, ki je gindin tsamiyar masallaci inda sabis ke kamawa. Ki aika wa maigidana saƙon murya, ki gaya masa duk abin da ya faru, kada ki ƙara kada ki rage. Zai kira."

"Har yanzu kina cewa zai kira?"

"Zai kira."

Hantsi ya yi sosai a tsibirin kafin Hafizu ya sauko, shi da abokin aikinsa Abdulhakim, wani Musulmi ɗan Indunusiya mai gyaran kifi. Suka wuce masu ganguna da masu talla, suka nufi bayan wani shagon shayi inda ma'aikatan jirgi ke tsugunawa jikin bango suna kama wayifai, wato intanet ɗin shagon. Kowa da wayarsa, wani na dariya wani na kuka, kowa da yarensa.

Wayar Hafizu ta fara ƙara ba tsayawa. Abu na farko da ya buɗe hoton jariri ne.

"Allahu akbar! Abdul, namiji! Na samu ɗa!" Ya rungume abokinsa har wayar ta kusa faɗuwa. Ya duba ranar da aka turo hoton, ya ƙirga. "Yau ne suna!"

Sai ya buɗe saƙon murya na ƙarshe, na Rumaisa. Ya saurara har ƙarshe yana tsaye. Sannan ya zauna a ƙasa, ya dafe kai.

Ya kira. Rumaisa ta ɗauka tun ƙarar farko.

"Yaya Hafizu! Ina ka shiga? An gama komai! Baba ya ce sai saki, Anti tun ɗazu kuka take—"

"Wane suna aka sa?"

"Armaya'u."

Hafizu ya sauke wayar daga kunne. Yaro ne mai zuciya, kuma yana da abin faɗa. Haƙƙinsa ne aka taɓa, an kuma jefi matarsa da mugun zance. Da wani ne da ya ce a ba shi tsohon su yi ta. Ya haɗiye.

"Baba yana ina?"

"Sun shiga la'asar."

"Kada ki bar wurin. Ki ce ina roƙon arziki, shi da Liman da duk wanda ke nan su dakata mini a gindin tsamiya. Zan kira bidiyo kafin rana ta faɗi."

Ya miƙe ya ce wa Abdulhakim, "Akuya nake nema. Mai rai."

"A nan? Mutane na neman bakin teku kai kana neman akuya?"

Suka bi layin masu tasi. Na farko ya yi dariya ya ce ko gidan abinci yake nufi. Na biyu ya ce shi masu wanka yake jira. Sai wata dattijuwa baƙa mai ƙiba, da tsohuwar mota da hular saƙa, ta leƙo ta taga.

"Me za ka yi da akuya, ɗana?"

Ya gaya mata da Turancinsa na kicin. An haifa masa ɗa, yau kwana bakwai, a garinsu uba ne ke yanka dabba da sunan ɗansa, kuma in bai yi yau ba zai rasa matarsa.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Shekara da shekaru ina ɗaukar mutanen jirgi, ba wanda ya taɓa tambayata akuya. Ƙanena yana kiwo a kan dutse. Ku shigo!"

Motar ta bar tasha ta kama hawa. Shagunan 'yan yawo suka ƙare, aka shiga unguwar talakawa, gidajen katako da rufin kwano, ayaba da mangwaro a kowane tsakar gida, kaji na tsallaka titi. Hafizu ya ga wata tsohuwa na shanya a igiya, ya ji kamar Batsari aka ɗora a kan dutse. Dattijuwar na tuƙi tana surutu tana danna ham a kowace kwana.

Ƙanen nata ya fito ba riga, ya nuna musu garke. Hafizu ya shiga ya kama wani taure fari mai baƙin wuya, ya buɗe bakinsa ya duba haƙori, ya duba ido da kunne da ƙafafu, ya ga ba aibi. Suka daidaita. Wuƙa ba a fita da ita daga jirgi, sai mai gidan ya kawo tasa. Hafizu ya taɓa bakinta ya girgiza kai, ya tsuguna a dokin ƙofa yana wasa ta a jikin dutse har ta aske gashin hannunsa. Maƙwabta suka fara taruwa a jikin shinge. Abdulhakim ya duba alƙibla a wayarsa, dattijuwar kuma ta buɗe musu datar wayarta.

A Tsaskiya rana ta yi ja. Malam Lauwali ya so ya tafi, Liman ya riƙe masa riga. Mutanen da suka watse da safe suka dawo, har da waɗanda ba su zo suna ba. Wayar ta yi ƙara, Rumaisa ta durƙusa ta miƙa wa Liman.

Fuskar Hafizu ta fito, yana tsugune, ya cire hula.

"Salamu alaikum. Baba, barka da yamma. Ina gajiya? Ina hidima? Yaya mai jego da baƙo?"

"Lafiya," in ji Malam Lauwali, yana kallon gefe.

"Baba, ban san an sauka ba sai ɗazu, Allah shi ne shaida. Amma laifin nawa ne. Ni na ce Baffa ya jira, ban kuma yi muku bayanin bambancin lokaci ba. Na sa an tara maka mutane an bar ka tsaye. Ka yafe mini."

"An riga an raɗa suna."

"Na ji, Baba. Sunan da ka sa shi ne sunansa. Ni ba ni da uba a duniya yanzu sai kai, wa ya fi ka cancanta? Yanka ne dai nawa, shi nake roƙo a bar mini. Allah gafarta Malam, ku shaida."

Abdulhakim ya ja baya da wayar. Mutanen Tsaskiya suka cusa kai suna kallo. Ga bishiyoyin ayaba, ga wasu baƙaƙen mutane da gajerun wanduna sun riƙe ƙafafun taure, ga teku can ƙasa da farin jirgi kamar dutse a bakinsa. Hafizu ya kwantar da tauren ya fuskantar da shi alƙibla, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Bismillahi, Allahu akbar. Ya Allah, wannan na ɗana ne, Armaya'u ɗan Hafizu ɗan Usmanu!"

Ya ja wuƙa sau ɗaya.

"Allahu akbar!" in ji mutanen gindin tsamiya. Wani tsoho ya ce, "Kai, hannun Mani ne wallahi!" Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a, na nan suka shafa, Hafizu da Abdulhakim suka shafa, dattijuwar mai tasi ma ta ce amin da irin nata.

Malam Lauwali bai ɗago ba. Ya miƙa hannu ya karɓi wayar.

"Yaro. Wane suna ka so sawa?"

"Baba, ya wuce."

"Na ce ka faɗa mini."

"Na marigayi."

Tsohon ya runtse ido. Ya san Mani, sun sha cin kasuwar Batsari tare.

"Na yi gaggawa," in ji shi. "Na saurari zancen mata na hana maraya mayar da sunan ubansa. Maganar takarda na janye ta, ku shaida. Gobe da kaina zan je Batsari in ba Labaran haƙuri." Ya miƙa wa Rumaisa wayar. "Kai wa yayarki. Ki ce wa uwarku ta ba su wuri."

Sabis ba ya kaiwa ɗaki, sai Ikilima ta fito bayan gida wajen rumbu, Inna Kulu ta miƙo mata jaririn ta koma ciki kamar ba ta gani ba. Hoton na yankewa yana dawowa.

"Amarya ta zama uwa," in ji Hafizu. "Ɗago mini shi in gani."

Ta waiga hagu da dama, ta ɗago shi. An yi masa aski, kan na sheƙi.

"Kai! Wannan ai goshina ne. A kai wa Gwaggo Baiwa ta ƙirga shi da yatsu!"

Dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye. "Ka yi haƙuri da sunan. Na san ba shi ka so ba."

"Ke na so, kuma ga ki. In na dawo sai mu nemo mai sunan Baba."

"Kai, ba ka da kunya! Ka ci abinci kuwa?"

"Ina fa! Ga shi suna feɗe tauren, wai da kori za su dafa, unguwa duka za ta ci. Ni ko tsoka ɗaya ba zan samu ba, lokacina ya ƙare." Daga bayansa aka ji ham ɗin mota da muryar dattijuwar tana ƙwala masa kira. "Kin ji, direbata ta fi Oga faɗa. Ikilima, an ce kin fita har zaure saboda ni."

Ta sunkuyar da kai. "Je ka kada ka makara."

Motar ta gangaro dutsen kamar za ta tashi sama. Suka ratsa fasinjojin da ke dawowa jajaye da ƙunar rana, riƙe da ledojin tsaraba. Hafizu ya hau matakala da gudu, da jinin taure a bakin wandonsa. Shugaban kicin ya dubi agogo, ya dube shi, ya nuna masa tulin naman da ke jira. Da yamma jirgi ya yi ƙaho ya bar tsibirin. Hafizu bai taka bakin tekun da ake ta yabo ba, bai sayi ko tsinke ba.

Da Ikilima ta yi arba'in, Malam Lauwali bai jira an zo ɗaukarta ba. Shi ya nemo mota, ya sa aka loda gara, ya raka ta har ƙofar gidan mijinta a Batsari. Gwaggo Baiwa ba ta je rakiya ba, ba kuma wanda ya tambayi dalili. Bayan wata uku Hafizu ya dawo hutu ya ɗauki ɗansa a hannu.

To, 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Ikilima tana da gaskiya tun safe, amma ba ta ɗaga wa ubanta murya ba, ba ta kuma saki mijinta a zuciya don an zuga ta ba. Hafizu an taɓa haƙƙinsa, ya ajiye haƙƙin ya ɗauki matarsa. Da ɗayansu ya biye wa zuciya a ranar nan, da yaron ya tashi a gidan kakansa yana tambayar ina ubansa. Ku kuma manya, ba a bar ku ba. Mai ƙirga watannin 'yar mutane da yatsu ta ji tsoron Allah, za a tambaye ta. Uba kuma in ɗiyarsa ta durƙusa ta gaya masa abin da bai sani ba, ya daure ya jira, ko da waina za ta huce.